Ƙofa Ta Uku

Ƙofa biyu na sani a kwamfutata.
Ɗaya ta kebul, ba a taɓa shiga ta nan ba,
gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta tun bara.
Ɗaya ta iska, mai jiran modem ɗina
in na ɗaure shi a gora can saman rumbu,
inda sabis kan ratso Andaza kamar baƙon kunya.

Daren Laraba, bayan sallar lisha,
batirin sola da sauran numfashi,
na zauna shigar da sunayen 'yan ƙungiyar riɗi,
mutum arba'in da bakwai, kowa da buhunsa.
Na leƙa jerin hanyoyin sadarwa.
Uku.

Na sake ƙirgawa, yadda nake ƙirga awaki da magariba.
Wanda akuyarsa ta ɓata ya san abin da zai yi,
amma wanda ya tarar da ƙari a turke fa,
kunne ba tsaga, wuya ba igiya?

Sunanta baƙaƙe ne da lambobi a cakuɗe,
kamar wanda ya yi atishawa kan madannai.
Tana da adireshi. Tana numfashi.
Saƙo na fita, saƙo na shiga,
alhali modem ɗina na aljihun rigata, a kashe.

Cikina ya ɗuri ruwa.
Lambobin asusun mutane na ciki,
har na Malam Haladu, wanda bai yarda da banki ba
sai da na dafa masa kafaɗa na yi rantsuwa.

Na kira Lawandi mai gyara a Dutse.
Yana tauna wani abu, ya ce,
"Ka zuba manhajar ɓoye hanya?" Na ce a'a.
"Ka gina wata kwamfutar a cikin wannan?"
Na ce, ni da ko katangar gidana ban ƙarasa ba?
Ya ce, "To bi jikinta da hannu.
Duk abin da ke maƙale, zare shi, ɗaya-ɗaya,
idonka na kan allo."
Katina ya ƙare a nan.

Na zare linzami. Uku.
Na zare firinta, da ma a mace take. Uku.
Sai yatsana ya ci karo da wata farar igiya
ta baya, inda ba na dubawa.
Ta sauka ƙafar tebur,
ta bi gefen tabarma,
ta shige ƙarƙashin kwandon zoɓo.

Na ɗaga kwando.
Wayar Sahura ce, mai tsagaggen gilashi,
kwance da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
Na zare.
Biyu.
Na mayar.
Uku.
Na yi haka sau huɗu, don dai in huce.

Da safe tana dama koko na tambaye ta.
Ba ta ɗago ba.
"Caji na sa, Baba."
Na yi shiru.
"Da kuma raba data. Allon wayar ya yi ƙanƙanta,
ba na ganin zanen jijiyoyin zuciya.
In ka yi barci nake karantawa."
Kuɗin datar na zoɓon da ta tsinta ne,
mudu shida, kasuwar Shuwarin.
Jarrabawar shiga makarantar jinya saura wata biyu.
Ban ma san ta yanki fom ba.

Na ce koko ya yi tsami.
Bai yi ba.

Yanzu na buɗe mata nata shafin da nata mabuɗin,
na kulle sunayen 'yan riɗi a nawa.
Ƙofar kuwa na goge mata lambobin nan,
na rubuta Sahura.

Wani daren ina kwance ina jin ƙarar madannai
a hankali, kamar kaza na tsintar gero a faifai.
Batirin ba ya kai mu asuba yanzu.
Na tambayi kuɗin sabo.
Sai riɗi ya yi daraja.